Mayar da Kayan Bikin Kairbek

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Kayan suna nan a falo yadda muka jibge su. Ledojin babban kanti ne, farare masu ratsin zinare, wasu a kan kujera wasu a ƙasa. Tun ranar Alhamis ban taɓa su ba. Kewaye su nake yi a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci.

Kairbek ne ya saye su, ko in ce shi yana zaɓe, ni ina tura keken kaya a bayansa. Shekara da shekaru mijin nan nawa yana tara makin tukuici a katin kantin. Ko sabulu zai saya sai ya hau bas ya tafi can, alhali ga shago a ƙasan benenmu. In na yi magana ya ce, "Tsohuwa, ke dai bari, maki yana taruwa." Ya rantse ranar da zai cika sittin ba zai taɓa aljihunsa ba, kantin ne zai yi masa biki. Haka kuwa ya yi. Kwat da wando ruwan toka, farantai masu shuɗin baki, kofunan shayi, shimfiɗun tebur, da tukunyar da za ta haɗiye rago guda. Da mai kanta ta ce masa katin ya koma fanko, har sara mata ya yi kamar soja.

Bikin ranar Asabar mai zuwa ne. Da.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Sholpan, ƙanwarsa, ita ta ɗauki nauyin kiran mutane. Ta tambaye ni me za ta ce musu. Na ce ta ce an ɗaga. Ta ce zuwa yaushe. Na ce ta leƙa taga ta gani, kan duwatsu ya yi fari da dusar ƙanƙara tun yanzu.

Na je asibiti, inda yake kwance tun ranar Alhamis da ɓarin jikinsa ya shanye. Sun bar ni na shiga na ɗan lokaci. An aske masa gashin baki, ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba. Na ba shi labarin maƙwabciyarmu da kyanwarta, da tsadar tuffa bana. Mutumin da ba a tashi daga taro sai ya yi jawabi ya ƙara, wanda ɗalibansa ke cewa ƙararrawa ma ba ta katse shi, shi ne yake bina da ido kawai. Hannunsa na hagu ya matse nawa. Na dama yana kan bargo, kamar wani ne ya zo dubiya ya manta da shi a wurin.

Ya samu barci sosai, in ji nas.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da azahar

Na ɗauki farantai na tafi kantin.

A ƙofa iska mai ɗumi ta buso mini da ƙamshin turare, sai na ji kamar na shiga ruwa. Kiɗan nan nasu mara farko mara ƙarshe yana tashi. Na hau matakalar da ke tafiya da kanta, na tsaya cik, duniya ce take sauka ni ina nan. Mutum-mutumin da suka sa wa rigunan sanyi suna kallon wani wuri can bayan kaina.

Wurin mayar da kaya yana hawa na ƙarshe, bayan labule da darduma, inda ba wanda zai je sai mai dalili. Wata mata ce a wurin, sa'ata ko ƙasa da ni kaɗan, da haƙorin zinare da alewar na'ana'a a kunci. An rubuta Bibigul a ƙirjinta. Ta duba rasit, ta dube ni.

"Yaya, kayan nan da maki aka saye su. Ba kuɗi za ki samu ba, makin ne zai koma katin."

"To makin, kantin magani yana karɓa?"

"Ina! Nan ya fito, nan zai ƙare. Kuma wanda ya dawo ba ya daɗewa. Ƙarshen Nuwamba zai mutu."

Na dafa kantar da ke tsakaninmu. Na ce, "Wa?"

"Makin, Yaya. Makin." Ta daina tsotsar alewar. "Ki zauna mana, ga kujera."

Ban zauna ba. Ta danna na'urarta, ta ce yanzu za a aika lambobi zuwa wayar mai katin, in karanto mata. Sai jakata ta yi ƙara. Wayarsa ce, tun ranar Alhamis take wurina. Na fito da ita, ta yi haske, ta nemi yatsan mai ita. Na sa nawa, ta ƙi. Na sake sawa kamar za ta ji tausayina.

"Mai katin ya zo da kansa, ko ya karanto mana ta waya," in ji Bibigul.

Na ce ba ya gari.

Na dawo da farantaina gida a bas. Sun fi nauyi a dawowa.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Yau ce. Na soya baursak, fanken nan namu na biki, kamar na mutum talatin, ban san lokacin da na kwaɓa fulawar ba. Na rarraba wa maƙwabta.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Dabarar Sholpan ce. Ita ta zauna a gefen gadonsa da wayarsa, ni na tsaya gaban Bibigul da tawa a kunne.

"Matar Yaya, wane yatsa ne? Na gwada na hagu duka, har ƙaramin, wayar nan ta raina ni."

Na ce babban yatsan dama.

Ina jin motsin bargo, da wani abu da ke ƙara ɗiit, ɗiit a ɗakin. Sai ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Yaya, ara mini hannunka, yanzu zan dawo maka da shi." Can ta karanto lambobin da sauri, na maimaita wa Bibigul. Na'ura ta karɓa. Farantai suka wuce ta wata ƙaramar ƙofa a bayan kanta, ban ga inda suka nufa ba.

Kafin in kashe wayar Sholpan ta ce, "Matar Yaya, hannun da ɗuminsa fa. Wallahi da ɗuminsa."

Bibigul ta ce, "Ba ya gari, ko?"

Na ce eh.

Ta ce, "To Allah ya dawo da shi lafiya." Ta turo mini alewa ɗaya a kan kanta.

Laraba, 22 ga Oktoba, da hantsi

Shimfiɗun tebur sun tafi. Da makinsu na sauka hawa na biyu na ɗauki injin markaɗe, don likita ta ce in ya dawo komai sai an markaɗa. In ya dawo. Haka ta faɗa, ban ƙara mata komai ba.

Abin mamaki ne. Ka kai kaya sama, su narke su zama abin da ba a gani, ka sauko da shi a cikin kati, ya sake daskarewa ya zama wani abu dabam. Shimfiɗar da za a zuba wa baƙi nama a kai ita ce yanzu take markaɗa karas a kicin ɗina. Na kunna injin ba komai a ciki, don dai in ji ƙara a gidan.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Kofunan shayi. Sun koma tawul masu laushi da rigunan barci marasa maɓalli.

Na bi ta gaban Bibigul da ledar, ba don komai ba, ƙafata ce ta kai ni. Ta leƙa ciki ba tare da neman izini ba.

"Wa ya ce ki ɗauki wannan? Wuyansa ya yi ƙunci, sai kin yi kokawa da mutum kafin kansa ya shiga. Koma ki ɗauko mai buɗewa ta kafaɗa. Kuma a bayan tukwane akwai cokali mai kaurin mariƙi, ba sa ajiye shi a gaba don ba shi da kyan gani."

Na ce, "Ke kuma a ina kika san wannan?"

"Kowa da wanda ba ya gari a gidansu, Yaya."

Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da la'asar

Zazzaɓi. Sun mayar da shi ɗakin masu tsananin ciwo, wanda ba a shiga.

Talata, 28 ga Oktoba, da azahar

Ba a shiga. Na tsaya a bakin ƙofar gilashi har wata nas ta ce in je gida in huta, za su kira. Ba na son su kira. Ba na son su ƙi kira.

Ban je gida ba, kantin na tafi, hannu rabbana. Babu abin da zan iya mayarwa tunda babu mai kai wa ga yatsan. Na yi ta hawa ina sauka. A hawa na uku akwai ɗakunan da suka shirya don talla, ɗaki ba bango, fitila a kunne da rana tsaka, littattafai a kan kanta waɗanda in ka buɗe babu rubutu a ciki. Na zauna a bakin wani gado don in cire tsakuwa daga takalmina.

Sai ga biki. Baƙi suna haurowa a matakala a jere, kowa riƙe da faranti mai shuɗin baki, har da iyayena da suka daɗe da rasuwa, har da ɗaliban Kairbek da kayan makaranta. Shi yana can sama cikin kwat ɗinsa, ya ɗaga kofi zai yi jawabi. Bakinsa yana motsi, mutane suna dariya suna tafi, ni kaɗai ce ba na jin abin da yake faɗa. Ina ta cewa a rage kiɗan, a rage kiɗan. Matakalar kuma ta ƙi kai ni wurinsa, ina hawa tana sauka.

Mai gadi ne ya tashe ni. Yana cikin faɗa, wai nan ba masauki ba ne, sai ga Bibigul ta sauko cin abinci.

"Kai, rabu da ita, gwada katifar take yi. Ko kai za ka saya?"

Ta ja ni bayan kantarta, ta zuba mini shayi da madara a murfin fulas. Muka zauna tsakanin kayan da mutane suka fasa so: fitila, takalmin amarya, keken yara. Ta ce kowane da labarinsa, amma ita ba ta tambaya, takardar wurin cike dalili kullum abu ɗaya take rubutawa, bai yi daidai ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da almuru

Nurtas ya iso daga wurin aikinsa na mai. Ɗana ya yi furfura a gefen kunne, yaushe? Ya je ya ga likitoci shi kaɗai, ya dawo ya tsaya a kicin ya faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Na ce ya ci abinci.

Kwat ɗin tana rataye a ƙofar ɗaki cikin ledarta. Nurtas ya ce in cire ta daga nan, duk wucewar da zai yi sai gabansa ya faɗi. Na ce ta zauna inda take.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Ba su kira ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da safe

Ba su kira ba. Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, ta rufe ganyayen da ba a share ba. Garin ya yi tsit kamar an sa masa auduga a kunne. Na yi cajin wayarsa. Kullum ina yi mata caji.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Sun kira.

Ya fito daga ɗakin can. Ya rame har na ga fuskar mahaifinsa a tasa. Da ya gan ni ya yi wani sauti, ba kalma ba ce, amma na san faɗa yake yi mini don na fito ba ɗankwali a cikin sanyin nan. Na ce, "To, tsoho, na ji." Gefen bakinsa ɗaya ya ɗaga.

Nurtas ya fita baranda ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja, wai hayaƙin gari ne.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da yamma

Tukunyar rago ta tafi, Nurtas ne ya ɗauka mini har sama. Bibigul ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan naki ne? Yana da mata?" Ya rasa inda zai sa kansa. Na yi dariya har na riƙe ciki, dariyar ta fito da tsatsa.

Wata malama mai koyar da magana tana zuwa wurin Kairbek kullum da hotuna. Wannan mene ne, wannan fa. Mutumin da ya koyar da tarihi shekara talatin ana nuna masa hoton akuya. Jiya ya ture hotunan da hannun hagu suka watse a ƙasa. Malamar ta ce alama ce mai kyau.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan azahar

Zan rubuta wannan a hankali don kada in zubar da komai.

Na sauke kwat ɗin. Ko ya tashi yau, mutum biyu irinsa za su shiga cikinta, kuma muna bukatar katifa mai tauri kafin a sallame shi. Na rungume ta a bas kamar na ɗauko mutum. A wurin Bibigul akwai layi, mutane sun fara mayar da kayan sanyin da bai yi musu ba. Da aka zo kaina ta shafa wuyan kwat ɗin ta ce, "Mai ido ne ya zaɓi wannan." Ta danna. Na kira Sholpan.

"Matar Yaya, dakata. Ya riƙe wayar, ya ƙi saki. Yaya, kawo mana, jira ake yi. Kai, wannan mutum da taurin kai, ko a kwance!"

Sai motsi. Sai numfashi a kunnena, mai nauyi, na san shi ko a cikin dubu.

"Huɗ... huɗu."

Murya ce kamar ana jan tebur a kan siminti. Na kasa maimaitawa. Bibigul ta ce, "Yaya?" Na kunna lasifikar wayar na ajiye a kan kanta.

"Ɗa... ya."

Tsakanin lamba da lamba mutum zai iya shan shayi. Kafin ya kai ta uku, na'ura ta ce lokaci ya wuce. Wani mutum a bayana ya yi tsaki, ya ce wasu fa suna da aikin yi. Bibigul ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗauko allon nan na an tafi hutu ta dasa a gabansa, ta sunkuya kan wayar.

"Malam mai kati, ba ka yi laifi ba, na'urarmu ce mai gaggawa. Ga wasu nan na sake turowa. A hankali, kantin ba ya gudu."

Na biyun ma ya wuce. A na uku ya kai har ƙarshe. Ta ƙarshen ya ce bakwai, na ji Sholpan can baya tana raɗa, "Tara ce, tara." Bibigul ta danna tara, ta ce da ƙarfi, "Daidai! Malam, an karɓa."

Mai tsakin yana kallon takalminsa. Wata tsohuwa a baya ta ce amin, ban san addu'ar da ta yi ba.

Sai muryar ta sake fitowa, ba lamba ba ce wannan karon. "Ku... lash."

Sunana. Rabon da ya kira ni da sunana tun Nurtas yana goye.

Bibigul ta juya mana baya tana ninke kwat ɗin. Ta daɗe tana ninkewa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da la'asar

Yana gida. Falo ya koma ɗakinsa, don ya riƙa ganin duwatsu. Ya ƙi miyar da na markaɗa, ya ce, "Ruwa." Na ce miya ce. Ya ce, "Ruwa." Mun yi faɗanmu na farko, da kalma ɗaya ya ci ni.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da safe

Na gaya masa akwai sauran maki a katin, kuma ranar Lahadi wa'adinsa zai cika. Na ce ba komai, a bar musu. Ya zaro ido kamar na ce a zubar da gadon ubansa. Ya buga hannun kujera. Ya nuna ƙofa, ya nuna kansa.

Nurtas ya ce, "Baba, sanyi fa ake yi."

Ya sake nuna ƙofa.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da almuru

Mun kai shi. Nurtas yana tura kujerarsa mai taya, Sholpan riƙe da bargo tana mita, ni da katin. An riga an kunna fitilun sabuwar shekara, ƙanana, suna zubowa daga rufi kamar yayyafi. Ya ɗaga kai yana kallo, hasken yana yawo a fuskarsa.

Sai da muka fara hawa can sama. Bibigul ta fito daga bayan kanta, ban taɓa ganin ƙafafunta ba sai yau, ashe silifas take sawa.

"A'a, yau ga wanda ba ya gari! Malam, ka wahalar da mu fa. Sannu da dawowa."

Ya ɗaga hannun hagu ya sara mata.

Na so mu ɗauki bargo mai wuta, ko matashi. Duk abin da na nuna sai ya kau da kai. A hawa na biyu ya fara nuni da hannu yana wani gurnani. Sholpan ta ce banɗaki yake so. Nurtas ya juya kujerar, Kairbek ya damƙe tayar da hannu ya tsayar da ita. Wurin takalman maza yake nunawa.

Na ɗauko masa mai laushi, na zurawa kawai, irin wanda likita ta ce. Ya ture. Na ɗauko mai mannewa. Ya ture. Can sama yake nunawa, wani baƙi mai sheƙi, mai tsinin baki, irin na masu taka rawa a biki. Mai igiya.

Na ce, "Haba tsoho. Mutumin da ko tsayuwa sai an riƙe shi? Kuma mai igiya! Wa zai riƙa ɗaure maka?"

Ya dube ni. Ya tattaro bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, muka tsaya mu uku muna jira, har da yarinyar da ke sayar da takalman.

"Ni."

Makin ya isa, da ƙyar. A kan cinyarsa ya riƙe kwalin har gida, bai yarda an sa a bayan mota ba.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da hantsi

Tun da gari ya waye yake fama. Takalmin yana kan cinyarsa, bakin igiya ɗaya a haƙoransa, ɗaya a hannun hagu. Ta kuɓuce, ya sake kamawa. Ta sake kuɓucewa. Na miƙa hannu sau ɗaya, ya harare ni, na janye.

Shayinsa ya huce, na zuba wani. Ina zaune a kan hannuwana, kada su sake miƙewa.